Tiren Gajeriya

Mai Ɗinki tana durƙushe a gaban wata mata, fil a baki, tana daidaita mata bakin siket, sai ga Mai Tanda a ƙofar shagon. Bai yi sallama ba. Garin fulawa ne har gwiwar hannunsa, ya cire hular aiki yana ta murzawa. Mutumin da bai taɓa barin wuta ya tsallako titi da hantsi ba.

"Yaya," ya ce, "Gajeriya ce."

Ta shiga cire fil ɗin daga bakinta ɗaya bayan ɗaya tana sokawa a jikin rigarta, kamar in ta yi a hankali maganar za ta canja. Ya ce a wurin wanke-wanke ta zame ta faɗi, kumfa a hannunta. Kafin motar rabon burodi ta kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Matar siket ta ɗauki salati. Ita kuwa Mai Ɗinki abin da ya fara fita daga bakinta shi ne, "To Baba fa? Wa zai ba shi abinci?"

Gajeriya sunan da titin ya sa mata ne, kuma ba ta taɓa jin haushinsa ba. A gidan burodin da ke kallon shagon Mai Ɗinki take wanke tire da kwanonin gashi, a tsaye kan wani akwatin lemo da ta kifa, don in ba haka ba hannunta ba ya kai ƙasan baho. Tun tana 'yar mitsitsiya take bin mahaifinta gidan. A zamaninsa shi ne babban mai gashi, mutumin da ake cewa daga bakin ƙofa hancinsa ke gaya masa burodi ya nuna. Ta yi aure, mijin ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ta dawo gida ta tarar da uwa a kwance, ta yi jinyarta har ta rufe mata ido. Daga nan tsufa ya fara yi wa mahaifin nata, Baba, ɗauki ɗai-ɗai. Ya manta sunayen mutane, ya manta hanyar gida, a ƙarshe har fuskar 'yarsa ta ɓace masa. Sai ya dube ta ya ce, "Ke yarinya," kamar wadda ya gamu da ita a hanya, ita kuma ta amsa da fara'a.

Yagaggiyar rigar aiki ce ta haɗa ta da Mai Ɗinki, suka ƙulle tun daga ranar. Gajeriya ba ta kiranta da komai sai Uwar Zare, saboda kullum akwai zaren da ya maƙale mata a ɗankwali ko a kafaɗa. Ita kuma takan ce, "Ke dai ki riƙe akwatin lemonki da kyau, ranar da aka sace shi kin bar aiki." Su yi ta dariya har masu jiran ɗinki su ƙosa.

Duk yamma Gajeriya takan fito da jakar kwantai, abin da ba a sayar ba mai gidan ya yafe: donot da suka bushe, guntayen kek, burodin nan mai ninki-ninki da bota, har da wanda gefensa ya sha wuta. Da safe ta dawo da tire a ka, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Idan an gama gashin safe an kashe wuta, sai Mai Tanda ya tura tiren cikin ragowar zafin. Ba a jimawa ƙamshi zai tsallako titi, ya shiga shagon ɗinki ya bi yadudduka. Mai Ɗinki ta ga masu wucewa suna rage tafiya suna waige-waige ba su san abin da suke nema ba. Abin da ke fitowa daga tandar nan kuwa, wallahi ba ka cewa daga kwantai aka yi shi. Samansa ya yi ɓawo mai duhu, cikinsa na rawa in an taɓa tiren, cakulan ya narke ya taru a lungu-lungu yana sheƙi. Ba ta sa masa suna ba. Ma'aikatan gidan ke ce masa haɗin Gajeriya. Takan yanke kusurwa ɗaya ta miƙa wa Mai Ɗinki, ta ɗan gutsura wa mai gadi, sauran ta yi gida da shi da zafinsa. Shi kaɗai Baba yake ci da son ransa. Duk wani abinci, in ya karɓi cokali ɗaya ya datse baki ke nan.

Bayan an kai Gajeriya makwancinta, gidan ya rage daga Baba sai ƙanenta, direban babbar mota, wanda ya baro hanya ya zo. Namiji ne har namiji, amma ya tsaya a gaban uban da kwano a hannu yana roƙo kamar ƙaramin yaro. Baba ya juya wa kowa baya, ya fuskanci bango. Ba wanda ya gaya masa an yi rasuwa, ba kuma wanda ya san abin da ya fahimta. Ruwa kawai yake kurɓa. Likita ya zo ya duba shi, ya ce in abin ya ci gaba haka sai dai a kwantar da shi asibiti a sa masa roba ta hanci.

"Yayata ba za ta yafe mini ba," in ji Direba. "Ta ce ko ba ta raye kar a fitar da shi daga ɗakin nan."

"Bar ni da shi, ƙanena," Mai Ɗinki ta ce. "Na ci abin nan har ban san iyaka ba. Harshena ya san abin da ke ciki."

Ta so ta yi wa ƙawarta kara, sai ta ce ai Baba ya wuce a ba shi kwantai. Ta sayi sabbin donot da kek masu laushi, suna tururi. Ta share teburin yankanta, ta datse musu gefe tas kamar mai gyara bakin yadi, ta yanka su daidai wa daida, babu wanda ya fi wani. Ta kaɗa ƙwai da madara da sukari, ta narka cakulan ta zuba, ta ruga da shi gidan burodi. Da Mai Tanda ya jawo tiren, abin ya kwanta ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙiyar auduga, ruwa na kwance a ƙasa.

"Yaya, kin yi masa ɗinki mai kyau," ya ce, yana ƙoƙarin haɗiye murmushi.

Haka ta kai. Baba ya shinshina cokalin sau ɗaya ya koma wa bangonsa. Ta fito tsakar gida ta toshe baki da mayafi.

Da yamma Mai Tanda ya kira ta bayan gidan burodin. A jikin ƙusar da Gajeriya ke rataye kayanta, ga jakar kwantai ta cika ta yi tsini.

"Sabo ne ya sa muke ta zubawa," ya ce. "Kowa ya zo wucewa sai ya jefa, an rasa mai zuciyar zubarwa. Ɗauki wannan. Sabon burodi a ƙoshe yake, ba ya shan madara. Ita Gajeriya mai ƙishirwa take nema, wanda ya bushe har yana ƙara."

Ta ɗauki jakar ta wuce gidansu Gajeriya, tunda can ƙwai da madara da gwangwanin guntayen cakulan suke. Direba ya ce ta zauna a ɗakin Baba ta riƙa kallonsa, shi zai ɗan watsa ruwa. Ta jawo wata 'yar kujera da ke gefen gado, ta ɗauko wuƙa, ta buɗe jakar. Busassun burodin suka yi ƙwaras-ƙwaras.

"Ke!"

Ta kusa sakin jakar. Baba ya juyo, idanunsa a kan hannunta.

"Ajiye wuƙar nan. Wane ne ya koya miki sa wa burodi ƙarfe?"

Ba muryar tsohon da ta sani ba ce. Murya ce ta mutumin da ya saba ya yi magana a ruga. Ya yunƙura ya zauna da kansa, ya miƙo tafukansa ya ce a kawo ruwa. Ta wanke masa hannu. Ya nuna ƙarƙashin gado. Da ta leƙa sai ga ƙaton kwanon silba, da ɓurɓushin burodi a ƙasansa.

Ta ɗora masa kwanon a cinya, ta zazzage jakar. Hannuwan nan da suke karkarwa in an ba su kofi suka nutsu. Ya ɗauki donot ya matsa da babban yatsa, ya kai hanci, ya ɓara shi biyu, ya yayyaga. Masu tauri ya tura su gefe guda, masu ɗan laushi gefe guda. Inda ya ƙone ya kankare da farce ya yar. Wani guntun kek ya shinshina ya miƙo mata ba tare da ya dube ta ba, ya ce, "Wannan ya juya, fitar da shi." Ita ko alama ba ta ji ba. Bai san sunan ɗansa ba, bai san wace rana ba ce, amma ko sau ɗaya yatsunsa ba su yi tuntuɓe ba.

"Masu tauri a ƙasa," ya ce. "Masu bota a sama, su ne za su yi ɓawo. Ƙwan nan ki kaɗa shi har ya daina bin cokali. Cakulan kar ki narka, cusa shi tsakani, wuta ta san aikinta. Zuba madarar ta gefe. A hankali! Gobara ake kashewa?"

Ya ɗora tafinsa a kai ya danna kaɗan, madarar ta taso tsakanin yatsunsa ta koma. Ya ce a rufe a sa a firji, kar wanda ya dame shi sai da safe. Direba yana tsaye a bakin ƙofa da tawul a wuya, hawaye na bin gemunsa.

Sai a lokacin Mai Ɗinki ta lura da kujerar da take kai. An rage mata ƙafafu, daidai zaman gajeren mutum, fentin wurin zaman ya goge. Duk shekarun nan ita tire kawai take gani yana shiga yana fita. Ashe kowace yamma, bayan ƙawarta ta yini a tsaye hannu cikin ruwa, nan take zuwa ta zauna ta zama 'yar koyo, a yi mata tsawa ta ce to. Uban ya manta ita 'yarsa ce, sai ta bi shi inda bai manta ba ta same shi a can. Kuma ba ta taɓa fitowa fili ta faɗa wa kowa ba.

Washegari da hantsi Mai Tanda ya jawo tiren daga ragowar zafi. Mai Ɗinki ta kai gidansu Gajeriya, ta ɗebo a cokali za ta kai bakin Baba, sai ta fasa. Ta ajiye tiren gaba ɗaya a gabansa, ta sa cokalin a gefe.

"Maigida, ga aikin ya fito. A duba."

Ya ƙwanƙwasa ɓawon da bayan cokali, ya saurara. Ya ce gefen hagu ya ɗan sha wuta. Ya ɗebi tsakiya ya sa a baki, ya lumshe ido yana juya shi a harshe. Ya ce bari ya ji kusurwa. Ya ji kusurwa, ya ce ƙasan fa. Yana dubawa yana gyara mata kuskure, har ya yi wa tiren babban giɓi, ya nemi ruwa ya sha. Direba ya sulale waje ya kira likita a waya, ya ce a bar maganar robar nan.

Baba ya goge baki, ya dubi Mai Ɗinki sama da ƙasa.

"Ke sabuwa ce?"

"Sabuwa ce, Maigida."

"Gobe ki zo da wuri. Kuma ki cire zaren nan daga kanki, kar ya faɗa mini cikin kaya." Ya dubi ƙofa. "Ina 'yar gajerar nan?"

Da ƙyar ta ce, "Ta tashi daga aiki, Maigida."

Ya gyaɗa kai. "Yarinyar nan hannunta ya faɗa. Ban taɓa koyar da kamarta ba. Amma kar ki gaya mata, kanta zai kumbura."

Mai Ɗinki ta koma bakin shagonta. Ta zauna a dakali tana kallon ƙofar gidan burodin. A daidai wurin nan, da safiyar ranar rasuwarta, Gajeriya ta tsaya da tire a ka, hannu ɗaya a ƙugu.

"Uwar Zare, kin ji mutumin naki Baba jiya? Wai har yanzu hannuna bai faɗa ba, in ban yi hankali ba zai sallame ni."

Mai Ɗinki ta ɗauka irin surutan tsufan nan ne, ta yi dariya tana buɗe kwaɗon shago. "In ya kore ki ki zo in ɗauke ki aiki, ki riƙa sa mini maɓalli."

"Allah ya sawwaƙe. Ni da nake ƙarƙashin babban mai gashi?"

"To uwar masu gashi, a dai yi sauri, yau ban karya ba."

"Kwaɗayayya kawai. Ɗora ruwan shayi, ina fitowa."