Kuɓewar da na yanka a Levenshulme

A garinmu, in damina ta yi jinkiri, ni matan zumunta suke turawa gaba a coci in roƙi ruwa. Ban san baƙi ba, amma na san durƙuso.

Da 'yata ta haihu a Manchester, aka ɗauko ni in yi mata jego. Mai jego kuwa a gidanmu miyar busasshiyar kuɓewa take sha, ba na karɓar musu a kan wannan. Na sayo ɗanya a Stockport Road, na yanka, na shanya a bayan gida, na roƙi rana cikin sunan Yesu. Har ƙarfin da nake so ta yi sai da na faɗa Masa.

Ruwa ya sauko. Washegari ma haka, har kuɓewa ta fara furfura.

'Yata ta ce, "Mama, ke fa kika cika Masa kunne da roƙon ruwa tun kina budurwa. Yanzu layi ya zo kanki."

Na kira fastonmu a Birmingham. Ya ce, "Mama, Ubangiji Ya fi mu sanin abin da ya dace."

Na ce, "Fasto, kafin a haife ka na san wannan."

Ɗanya na dafa mata, ta cinye tuwo har tana neman ƙari. Na durƙusa na ce a yi nufinSa. Ni wa, da zan gyara Masa? Amma dai busasshiya ta fi daɗi, kuma Shi ma Ya sani.