Madanni Ɗaya da Muka Bar wa Baba

Shekarar da Baba ya yi niyyar zuwa Makka ita ce shekarar da hawan jini ya kayar da shi a bakin kanal, yana tsaka da ba tumatir ruwa. Ya dawo daga asibiti ɓarin damansa ya shanye, hannu da ƙafa, bakin ma ya ɗan karkace, sai wanda ya saba da shi ke gane maganarsa. Ni ne babban ɗansa, gona ta dawo wuyana. Zancen aikin Hajji kuwa babu wanda ya sake tayar da shi a gabansa.

Ƙanena da ke aiki a Fatakwal shi ya aiko da dish, wato kwanon kamo tashoshi, da risibarsa da 'yar talabijin, ya ce a kafa a ɗakin Baba, akwai tashar Saudiyya da ke nuna sallar Harami kai tsaye. Mai haɗawa ya zo daga Kura, ya ɗora kwanon a kan katanga, ya yi ta juya shi har hoto ya fito. Ranar da Baba ya fara ganin Ka'aba mutane na kewaya ta, ya yi hawaye, ni kuma na fita tsakar gida na ba shi wuri. Rana tana riga faɗuwa a can, don haka magaribar Makka tana zuwa ne daidai la'asar ɗinmu. Wannan sallar yake jira tun daga wayewar gari, ba shi da wani abin jira bayan ita.

Matsalar ita ce a wannan lokacin ina gona. Ruwan kanal ba ya jiran kowa, in ranarka ta zo ba ka nan, na ƙasa da kai ya shanye. Ita kuma wutar lantarki a ɗauke a kawo, kuma duk sanda aka dawo da ita risibar sai ta yi kwanciyarta da ɗan jan ido, ba za ta farka ba sai an danna mata rimot.

Har yau in na tuna wannan rimot ɗin raina ɓaci yake. Ban san wanda ya zauna ya tsara shi ba, amma na tabbata bai taɓa riƙe fartanya ba, yatsunsa kuma ba su fi tsinken sakace kauri ba. Madannai ne birjik kamar an watsa gero, duk girmansu ɗaya, duk launin toka, da rubutun Turanci ƙanana da ko ni sai na kai su hanci nake gani. Na kunnawa, wanda shi kaɗai ne ja kuma shi aka fi buƙata, an cusa shi can saman kwana, an manna masa maƙwabta biyu: ɗaya yana kashe murya, ɗaya yana kai ka wata duniyar rubuce-rubuce da ba ka san hanyar fita ba. Mu kuma muka ƙara masa da namu, muka naɗe shi a leda muka ɗaure da roba yadda kowa ke yi don kada rubutun ya goge. Sai ya zama ga santsi ga duhu.

Yatsun Baba kuwa na mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kwaɓa laka ne, masu kauri, duk kanta. Na ce masa ya riƙa dannawa da hagu, tunda ita ke motsi. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Da hagu zan buɗe ɗakin Allah?"

"Baba, lalura ce ai. Allah ya ga halin da ake ciki."

"Ya gani. Ni ma na gani."

Abin da yake yi shi ne ya ɗora rimot a cinya, ya sa hagu ya ɗago hannun daman nan da ba ya ji, ya kama ɗan yatsan manuni ya dangwala shi a kan madannin. Yatsan da ba ya ji kuwa ba ya zaɓe. Ya danna biyu ko uku a tare, wani lokacin hoto ya zo babu murya, wani lokacin ya faɗa cikin rubutu, ya yi ta lalube yana ƙara nisa. Sau da yawa nakan dawo da yamma in tarar da shi zaune gaban allon da ya cika da Turanci, sallar Makka ta daɗe da wucewa. Ba ya ƙorafi. Sai dai ya ce, "Yau ma sun yi babu ni."

Mahaifiyarmu ta rasu tuntuni, matata ce kaɗai a gidan da rana, ita kuwa akwai kunyar surukuta. Daga bakin labule take durƙusawa ta gaishe shi ta tura kwanon abinci. Shi ba zai kira ta ba, ita ba za ta shiga ba. Wata rana garin lalube ya faɗa tashar wasu mata masu rawa da waƙa, murya kuma ta ƙure. Tana jiyowa daga madafi, ta rasa yadda za ta yi: ta shiga ta ga abin da ke allon tare da surukinta, ko ta bar dattijo da shi? Sai ta je ta kashe wutar gidan gaba ɗaya daga wajen mita. Da na dawo ta ba ni labari tana dariya, tana cikin dariyar ta fashe da kuka. Baba bai ci abincin dare ba ranar.

Washegari da safe ya kira ni. Ba ya faɗin sunana, kasancewata ɗan fari.

"Kai, zo nan. In za ka ba fangali ɗaya ruwa, yaya kake yi da sauran bakunan?"

"Toshe su nake yi da laka, Baba."

"To toshe waɗannan. Ka bar mini baki ɗaya."

Wallahi na ji daɗin shawarar, har na ji haushin kaina da ban riga shi tunaninta ba. Haka muke aiki tun ina yaro: ka datse ko'ina, ruwa ya bi hanyar da ka bar masa. Na saita tashar Makka, na daidaita murya, na kwance ledar. Na sa reza na yanke madannan nan ɗaya bayan ɗaya, na bar jan kaɗai, sannan na tsiyaya gam mai kamawa nan take a kowane rami don kada wani ya sake motsi. Matata tana leƙe daga nesa tana cewa, "Anya kuwa?" Na ce mata ta bar mu, manoma ne ke aiki.

Kuma ya yi. Duk inda yatsan Baba ya sauka, abu ɗaya ne zai dannu. Wannan ɗan tsakanin shi ne mafi daɗin zaman da muka yi tun kwanciyarsa. In na dawo sai ya ba ni labarin limamin da ya ja salla da surar da ya karanta, har ya gane wani lungu da ya ce da ya je nan zai riƙa zama. Ya fara tsokanata cewa shi ya riga ni zama alhaji.

Ana cikin tsinkar tumatir hoton ya ɗauke. Allo ya koma shuɗi da 'yan kalmomi a tsakiya. Na ɗauka iska ce ta karkata kwanon, na je na ɗauko mai haɗawa. Ya duba ya ce kwano lafiya lau, tashar ce ta canja mazauni a sama, suna yin haka lokaci-lokaci, aikin ɗan ƙanƙani ne, sai dai a shiga cikin risiba a rubuta mata sababbin lambobi. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi rimot. Na ba shi. Ya juya shi gaba da baya, ya dube ni.

"Yaya, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne."

"Ai ƙofar shigar da lambobin duk su ka yanke."

A jikin risibar babu komai sai 'yan madannai na sauya tasha. Masu ƙera ta sun zuba dukan hankalinta a cikin wannan 'yar robar mai saurin lalacewa. Garin neman gira mun rasa ido.

Na shiga neman wani. A Kura babu. Na hau mota zuwa Kano da risibar a cikin buhu, na bi rumfunan masu kayan wuta a Sabon Gari. Wani ya zazzage mini kwali guda na rimot, muka yi ta gwadawa, wasu kamarsu ɗaya da namu kamar an tsaga kara, amma ko ƙyaftawa jan idon bai yi ba. Aka ba ni wanda aka ce yana jin yaren kowace risiba, tamu ta yi kunnen uwar shegu da shi. Kowa maganarsa ɗaya: wannan samfurin an daina kawo shi, sai dai a sayi sabuwa. Shekarar kuwa tumatir ya yi kwantai, kwanduna na ruɓewa a bakin titin Kadawa babu mai tayawa, ƙanena ma aikinsa ya tsaya. Na dawo da buhuna na ce wa Baba sai an yanke alkama. Ban taɓa jin na kasa komai ba irin wannan ranar.

Na zaci zai ajiye rimot ɗin, amma bai ajiye ba. Wata la'asar da ba ranar ruwanmu ba na shiga ɗakin, na tarar ya ɗago hannun daman da hagu, ya dangwala yatsan a kan madannin. Risiba ta farka, allo ya yi shuɗi. Ya gyara zama ya fuskance shi, carbi a cinya. Matata ta ce kullum haka yake yi.

"Baba, ai babu komai a ciki. Sai an kawo sabuwa."

"In ba a saki ruwa daga dam ba, fasa zuwa gona kake yi?"

"A'a, nakan je in buɗe bakin in jira."

"To. Kai dai ka buɗe naka. Sakin ba a hannunka yake ba."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, muka yi ta kallon shuɗin allon tare, har ya ƙiyasta an yi sallama a can, ya shafa addu'a da hannu ɗaya.

Alkama na fara yin ja Allah ya yi masa rasuwa. Bayan sadakar bakwai matata ta shiga ɗakin, karo na farko, don ta share. Ta fito da rimot ɗin ta miƙo mini. Jan madannin ya koɗe ya koma fari, tsakiyarsa ya lotsa daidai faɗin yatsansa.