Dogon Soja a Bodar Jibiya

"Malam, buɗe jakar nan."

Wani soja ne ya ce da ni haka. Daga Maraɗi nake dawowa, an tsayar da mu a shingen bincike, kuma na san abin da ke cikin jakar: 'yan sojojin roba da taswirar da na zana da hannuna, har da jajayen kibiyoyi. Wasan yaƙi ne da muke yi a kan tebur ni da abokaina duk Asabar. Amma da halin da yankinmu ke ciki, wa zai yarda?

Sojan, wani dogon mutum, ya shimfiɗa taswirar a kan mota, ya jera 'yan sojojin robar a kai. Tsofaffin da na tafi da su don gwaji ba su wuce gaɓar yatsa ba. Sababbin da na sayo a Maraɗi kuwa sun kusa ninka su tsawo.

Ina ta zufa, ina ta "wallahi wasa ne, Yallaɓai."

Ya ɗaga ƙato ɗaya. "Wannan da waɗannan runduna ɗaya ce?"

Na ce, "E, girman da na samu ke nan."

"Kada ka haɗa su. In katangar da za su fake a bayanta ta gajeru ce, wannan za a fara gani."

Bai yi dariya ba. Ya miƙo mini jakata, ya koma bayan buhunan yashin da ko ƙirjinsa ba su kai ba.

Masu wannan wasa, kuna haɗa manya da ƙanana? Ni dai ina isa gida na ƙara wa katangun teburina tsawo.