Motar da Wakilai Suka Daina Kira

A shekarun da na yi aiki a wani siton daskararrun kaji a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta wani birnin bakin teku a ƙasa mai tsarki, mu biyu ne a ɗakin kwamfuta. Ni daga Kano na zo, da iƙama, wato izinin zama, ta hannun kamfanin. Abokin aikina haifaffen unguwar Bani Malik ne, jikan mahajjatan ƙasarmu da suka zauna a can. Yana jin Hausa sarai, amma in magana ta yi zafi sai ya koma Larabci.

Mu muka rubuta manhajar da ke raba aiki. Kowace mota, kowane injin ɗaga kaya, kowane ɗakin sanyi, mun yi masa 'yar ƙaramar manhaja tasa, muna ce mata wakili. In kwantena ta sauka a tashar jiragen ruwa, ba mu ke cewa wane ya je ba. Wakilan ne ke tuntuɓar juna har su haɗa ƙungiya: mota, injin ɗaga kaya, da ɗakin da ke da wuri. Kowane wakili 'yan kaɗan ya sani. In ɗaya ya ba shi kunya, sai ya rabu da shi ya nemi abokin abokinsa. Mudir, shugaban siton, ya ji daɗi, don kaji sun daina jira a rana.

Wata rana bayan azahar wani direba ya hawo benenmu, dattijo mutumin Damagaram, yana riƙe da hularsa a hannu. Bai taɓa shigowa ba.

"'Ya'yana, me na yi wa injinku?" ya ce. "Tun bayan Sallah nake zaune a inuwar katanga. Kowa na fita, ban da ni."

Muka ba shi kujera, muka duba. Ashe a cikin azumi na'urar sanyin motarsa ta lalace, ta kwana biyu a gareji. Duk wakilin da ya kira ta bai samu amsa ba, sai ya rabu da ita. Da aka gyara motar, babu sauran wakilin da ya san ta. Ba mu taɓa tunanin yadda wanda aka watsar zai dawo ba.

Abokina ya ce, "Halas, shi ke nan, mu sa shi da hannu yanzu."

Na ce in mun yi haka, gobe wani ne zai hau benen nan. Muka yi ta musu, rabi da Hausa rabi da Larabci, dattijon yana kallon wannan yana kallon wancan. Da ya gaji ya ce, "Ni dai ku gaya wa injin naku motata lafiyarta lau," ya sauka.

Duka biyun muka yi. Abokina ya haɗa motar da ɗakin sanyi ɗaya a ranar. Ni kuma na ƙara ƙa'ida: duk wakilin da ya rage shi kaɗai, a gabatar da shi ga wani, a gwada shi da ƙaramin aiki. Da muka bincika, sai ga wani tsohon injin ɗaga kaya shi ma an daɗe da watsar da shi a bayan sito. Shi ba wanda ya kawo ƙararsa.

Kiran farko da ya zo wa dattijon na kai kaji wani shago ne a unguwar Madain Fahd. Daga nan ayyuka suka dawo a hankali. Sai dai zaman da ya yi ya riga ya sa ya yanke shawara. Ya ce a inuwar katangar ya gane gwiwoyinsa sun gaji, kuma jikokinsa ba su san fuskarsa ba. Bayan aikin hajji ya miƙa makulli. Abokina ne ya kai shi filin jirgi a motarsa, ni na riƙe ofis.