Babban Makullin Kawu

Abin da na fara gani da na shiga biron ƙungiyar manoma a Magariya shi ne odinata, wato kwamfuta, lulluɓe da tsohon zanen atamfa, an cusa gefen zanen ƙarƙashinta kamar yadda ake yi wa kwanon tuwo. Na san zanen. Na Innarmu ne.

Bakansi, hutun makaranta, ne ya kawo ni daga Yekuwa. Ina kwaleji a lokacin, ba na iya kallon babba ido cikin ido, shi ya sa na fi sanin takalman mutane a kan fuskokinsu. Yayata ta dawo daga karatu a Yamai, ƙungiyar ta ɗauke ta don ta gyara tsarin da suke ajiye bayanan mambobi: wanda ya kawo wake, wanda ya kawo gyaɗa, wanda ya karɓi iri. Kawu, ƙanen Innarmu, shi ne sakataren ƙungiyar tun kafin a sayi odinatar. Ni aikina shara da kawo ruwa, sai in zauna kan buhu in yi shiru.

Bayanan ba a cikin odinatar suke ba. Yaya ta ce suna can cikin manyan na'urori a wata ƙasa, ta intanet ake isa gare su, kuma masu sana'ar suna ce wa wurin girgije.

"Girgijen naku yana zubar da ruwa kuwa?" in ji Kawu. "Gero na jira a Mallawa."

"Kawu, kai dai sai ka tsokane ni."

"Injiniya guda? Wa ya isa!"

Akwai kod ɗin da ke buɗe komai a can, Kawu yana ce masa babban makulli. A ka yake riƙe da shi. In zai buga sai ya karkata kafaɗa ya kare da hannun riga, ko da ni kaɗai ce a ɗakin. Da yatsa ɗaya yake bugawa, leɓensa na motsi.

Da Yaya ta buɗe rubutun umarnin da ke tafiyar da tsarin, sai ta tarar da makullin a ciki, a fili. Duk mai gyaran da aka taɓa kira daga Damagaram ya gan shi, kuma ba a taɓa canza shi ba. Ba laifin Kawu ba ne. Haka wanda ya fara haɗa tsarin ya bar abin.

Ta yi kwanaki tana rubutu a kan baƙin allo mai haruffa kala-kala. In rezo ya ɗauke sai ta tsaya bakin ƙofa ta ɗaga salula sama tana tsaki. Wata rana ta kama ni ina leƙe ta bayanta, sai ta jawo mini kujera. Ta nuna mini inda ta cire makullin daga cikin umarnin ta sa shi a wani ma'aji na musamman. Ta nuna mini layukan da ta rubuta: kowane wata na'ura za ta ƙirƙiro sabon makulli, dogo, haruffa da lambobi a cakuɗe, ta gwada shi. In ya buɗe sai ta yar da tsohon. In bai buɗe ba ta bar tsohon a wurinsa, ta aiko wa Yaya saƙo. Tsarin da kansa zai riƙa zuwa ma'ajin yana ɗauka. Kawu da shugaban ƙungiya kuma kowa za a ba shi ƙaramin kod nasa na aikin yau da kullum.

"To ke kin san sabon?" na tambaye ta.

"Ina fa. Ban taɓa ganinsa ba. Ko ina son gani sai shugaba ya buɗe mini, kuma na'ura za ta rubuta cewa na gani."

Ta yi wa Kawu bayani tun kafin ranar, ina wurin. Amma rabin maganar da Faransanci ta yi, shi kuma wani manomi na tsaye a kansa, sai "to, to" yake cewa.

Safiyar da abin ya fara aiki akwai mambobi daga Mallawa zaune kan benci, sun zo batun iri. Kawu ya yaye zanen, ya karkata kafaɗa, ya buga. Na'ura ta ƙi. Ya goge yatsansa a riga ya sake. Ta ƙi. Yaya tana can ƙuryar ɗaki tana neman caja, ba ta ko juyo ba ta ce, "Kawu, ai an canza makullin. Bari in zo."

Na ga ƙafafun mutanen benci sun daina motsi.

A wajenmu ba a canza kwaɗon magaza, ɗakin ajiyar hatsi, haka kawai. Kwaɗo tare yake tsufa da mai riƙonsa. In ka wayi gari ka ga sabo a ƙofa, to buhu ya ɓace, kuma wanda aka karɓi makulli daga hannunsa shi ake nufi, ko ba a kira sunansa ba. Yaya ta san wannan, a cikinsa ta girma. Ba ta dai haɗa shi da abin da ke cikin odinata ba.

Kawu ya mayar da zanen a hankali, ya sallami baƙin, ya fita. Washegari bai zo ba.

Kafin ranar kasuwa magana ta zaga gari. Mai ƙosan bakin tasha ta riƙe mini hannu tana tambaya, "Ƴar nan, da gaske ne abin da ake cewa? Mutumin da ke sahun gaba a masallaci?" Na ce ban sani ba, na tafi ban karɓi yaji ba. Inna ta bugo wa Yaya daga Yekuwa, ina jin muryarta daga inda nake zaune: "Ƙanena za ki tozarta? Shi ya goya ki zuwa likita kina ciwon ƙyanda!"

Yaya ta je gidansa, na raka ta. Ya karɓe ta da doguwar gaisuwa, ya sa aka kawo mata ruwa, ya kira ta Madam. Ta sake bayani, wannan karon da Hausa zalla. Ya ce ya gane. A hanyar dawowa, da muka kusa gida ta ce, "Tsohon makullin ya mutu. Ko na maido shi, haɗarin yana nan." Na san gaskiyarta ce. Na kuma san taron mambobi ya kusa, kuma Kawu ya aika wa shugaba cewa a wurin zai ajiye aikin. In ya ajiye a haka, abin da ake faɗa ya zauna ke nan har ƴaƴansa.

Ana gobe taron Yaya ta dama fura ta ce in kai masa, tunda ita kunya ta hana ta komawa. Na same shi kan tabarma a zaure bayan la'asar, rediyo a gefensa a kashe.

"Auta, ke aka aiko? Injiniya tana tsoron kada in cije ta?"

Na durƙusa na ajiye ƙwaryar. Ya buɗe, ya duba, ya rufe.

"Ni ban riƙe ta ba," ya ce. "Yarinya ce mai gaskiya. Amma ba ni ke magana a fadar ƴan hira ba. An karɓe daga hannuna an ba ta, shi ke nan abin da suka sani."

"Ba a ba ta ba, Kawu."

"Me kika ce? Ɗaga murya, ba a masallaci muke ba."

"Ita ma ba ta san shi ba. Na tambaye ta. Shugaba ma bai sani ba. Kuma wata mai zuwa zai sake canzawa, ko an yi sata ko ba a yi ba."

Ya murza gemu. "Ta faɗa mini wani abu kamar haka. Na ɗauka lallashi ne."

Ban taɓa roƙon Kawu komai ba, ko kuɗin alawa. Na kafa ido a kan saƙar tabarmar na ce, "Kawu, don Allah gobe ka zo. Kada ka ajiye aikin tukuna. In mutane sun cika, ka tashi ka ce wa Yaya ta faɗi makullin a gaban kowa, ka ce wa shugaba shi ma ya faɗa."