Ranar da Hedimasta Ya Yi Shara

Jiya a Gaya, da zan fita daga ofis, na kashe fanka bisa sabo alhali abokin aikina yana zaune. Muka kwashe da dariya, muka tuna marigayi hedimastanmu na Gafasa.

Lokacin da kuɗin wuta ya fi ƙarfin makarantar, har ana batun yanke mana layi, ya tara malamai ya kafa doka: duk wanda ya bar fanka ko fitila a kunne inda babu kowa, shi zai share ofis. Kullum bayan an tashi sai ka ji takunsa aji-aji, yana cewa, "Wannan kuma wa take yi wa fifita, aljanu?"

Wata Alhamis ya tafi sallar azahar ya bar fankar ofishinsa tana juyi. Malamar lissafi ta tare shi da tsintsiya: "Ranka ya daɗe, dokarka ce." Ya naɗe babbar rigarsa ya sunkuya, ƙurar alli ta cika masa gemu, yana dariya har da hawaye. Tun ranar kowa ya shiga taitayinsa, kuma ba a yanke wutar ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.