Kwana Bakwai a Wajen Zauren Uwar Biyu

Matar autana tela ce. Shekara goma sha tara ke nan da ta shigo gidan nan da keken ɗinkinta da akwati ɗaya, kuma a shekarar farko ban ji ta jera kalma goma ba. Har sai da na tambayi ɗana, wannan da ka kawo mana, ta ina ake kunna ta? Da ta haifi tagwaye aka sa mata Uwar Biyu, sunan ya bi ta har yau, ko da yake biyun sun fi ta tsawo. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku ba mu ga ƙeyarsa ba. Saboda haka ni da ita mun san halin juna fiye da yadda shi ya san kowaccenmu.

Shagonta shi ne ɗakin bakin ƙofa, inda marigayi mijina yake tara tsofaffin tayoyi. Keke a gindin taga, teburin yanka a tsakiya, almakashi ɗaure da igiya don kada maƙwabta su ara su manta hanya. Wayarta kullum tana jingine da gwangwanin maɓallai, fuskarta a tsage ta gefe ɗaya. Da wannan wayar take riƙe da zauren unguwa.

Zauren nan ba gini ba ne, a cikin waya yake. Mutum ɗari biyu da wani abu, kowa daga inda yake zai jefa magana kowa ya ji. Masu karatu su rubuta, irinmu da ba mu taɓa zama a aji ba mu danna mu yi magana. Ta buɗe shi shekara huɗu da suka wuce, lokacin da famfon unguwa ya yi wata biyu a bushe, mata suna tsaye a shagonta suna jiran ɗinki suna tsine wa hukuma. Ta ɗago kai ta ce, "Zagin nan da kuke yi, kekena kaɗai ke ji." Ta karɓi lambobinsu ɗaya bayan ɗaya, ta nemo ta kansila ta jefa shi ciki. Sati uku aka zo aka tone bututun. Ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ke biyanta.

Kowace safiya, kafin ta taka keke, sai ta saurari duk abin da aka faɗa, allurai a bakinta. Abin da masu karatu suka rubuta ta karanta mana shi da murya, abin da muka faɗa ta rubuta wa kansila shi a taƙaice. Ta haka ni da ban san alif ba na san ranar da za a kwashe shara kafin tsohon hedimasta ya sani.

Dokokinta uku ne. Ka faɗi layin da kake. Maganarka kada ta wuce minti ɗaya. A yi maganar abu, ba maganar mutum ba. Wanda ya zagi wani, kwana bakwai a waje. Ta taɓa fitar da mai kantin magani don ya kira wani jahili. Ranar har ƙarin nama na sa mata, na ce haka ake riƙe mutane.

Sai maganar kwalbati ta taso. Kansila ya ce kwalbati ɗaya za a gina mana kafin damina, kuma inda zaure ya zaɓa nan zai kai ofis. Wuri biyu ne. Namu, layin sama, inda ruwa ke shigowa ta ƙofa ya cika shagonta har idon sawu. Da layin ƙasa, inda yake tsallake hanyar asibiti. Uwar Biyu ta ba da mako guda a yi magana, ranar Asabar a jefa ƙuri'a.

Tun ranar farko mutanen layin ƙasa suka fara gunaguni. Wai zaure a gidan layin sama yake, wai an riga an gama, ƙuri'ar ta rufe baki ce. Mai jan su kafinta ne, wanda ya yi mana ƙofar tsakar gida. Ranar Talata ya yi magana, ya ce, "Layin ƙasa ne. Ruwan da 'yan sama ke kuka da shi ai na wanke ƙafa ne. Mu namu ɗaukar yaro yake yi."

Ina zaune ina tsince wake na ji shi. Na ajiye faranti na danna. Na ce, "Layin sama ce, tsohuwar gidan tela. Kai kafinta, tun kana yawo ba wando na san ka. Ƙofar da ka yi mana shekara shida ba ta taɓa rufuwa ba sai an sa mata ƙafa. Mutumin da bai iya auna katako ba shi zai auna mana ruwa? Ka fara riƙe matarka tukuna, sau biyu tana tattara kayanta." Ban cika minti ɗaya ba, kuma na faɗi layina. Doka biyu na kiyaye.

Can sai mai kantin magani ya ce, a hankali kamar mai ba da magani, "Muna dai jiran shugaba." Bayansa wata daga layin ƙasa ta ce idan doka ba ta hawa kan surukai, su za su fita su buɗe nasu. Kansila kuwa ya riga ya faɗa tun farko, ranar da zaure ya rabu biyu, ba zai saurari ko ɗaya ba, a ofis za a zaɓa mana.

Na ji keke ya tsaya. Da la'asar ta shigo ɗakina, ta durƙusa a bakin tabarma, waya a hannu.

Ta ce, "Inna, zan fitar da ke."

Na ce, "Ƙarya na yi?"

"Ƙofar gaskiya ce. Ni ke tura ta da ƙafa kullum. Amma ba ƙofa ake zaɓa ba, kuma matarsa tana cikin zauren, ta ji."

"Kwana bakwai ya haɗa da Asabar. Ko ba ki iya ƙirga ba?"

"Na ƙirga, Inna."

"Shagonki ruwan ke shiga, 'yar nan, ba ɗakina ba."

"Na sani."

"A gidan ɗana, da wayar da ɗana ya saya miki?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wayar ni na saya, Inna. Ki yi haƙuri." Ta danna a gabana. Ban iya karatu ba, amma na san wurin da nake dannawa in yi magana, kuma na ga ya ɓace. Ta tashi ta fita, ta sa ƙafa ta rufe ƙofar.

Autana ya kira daga hanya, labari ya riga ya kai masa. Ya ce, "Inna, me ya haɗa ku?" Na ce, "Tambayi gwamnatin gidanka." Na kashe. Kwana huɗu ban ce mata uffan ba. Ta kawo abinci ta gaishe ni, in juya mata baya in cinye.

Ranar Asabar ta share teburin yanka, ta ja layi a tsakiya da allin tela. Ta kira tsohon hedimasta da kafinta su tsaya a kanta. Kowace ƙuri'a, ta rubutu ko ta murya, ta buɗe su gani ko su ji, sannan ta ja ɗan layi a ɓangaren da ya dace. Ni ina tsakar gida ina shanya kayan da suka riga suka bushe, kunnena yana jikin bango. Na ji hedimasta ya yi gyaran murya ya ce layin ƙasa casa'in da bakwai, layin sama casa'in da shida. Ita ba ta jefawa, tun farko ta ce mai riƙe da zaure ba ya zaɓa. Ko ba a je makaranta ba an san wannan lissafin. Da ni da ita mun jefa, da kwalbatin yana ƙofarmu.

Kafin magariba matan layinmu sun cika bakin shago. Mai kitso ce a gaba, hannu a ƙugu. "Kin kyauta, Uwar Biyu. Kin kori surukarki, kin miƙa wa 'yan ƙasa kwalbati. Idan ruwa ya zo sai ki ɗinka mana jirgi." Wata ta ce ai neman suna ne, so take kansila ya san da ita. Ita kuwa tana zaune tana warware wani ɗinki da ba abin da ya same shi.

Ban san lokacin da na fito ba. Na ce, "Ke mai kitso, ke aka fitar ko ni? Ni aka fitar, ni ke da ikon fushi, kuma ban ba kowa aro ba. Ƙannenki biyu suna cikin zauren, ina ƙuri'arsu? Suna wajen kallon ƙwallo. Ki je can ki tsaya musu da hannu a ƙugu. Yarinyar nan ta kore ni a gidan ɗana, kuma ta san shagonta ruwan zai ci. A cikinku wa za ta iya korar ko kazar surukarta?" Suka watse ɗaya-ɗaya. Na juya na ce mata, "Ke kuma kada ki ɗauka mun shirya." Ta ce, "To, Inna." Na ga tana cizon leɓe.

Ranar da kwana bakwai suka cika, da safe, wurin dannawa ya dawo. Ban danna ba, don kada a ce ina ɗoki. Ba wanda ya fita daga zauren. Aka gina kwalbati a layin ƙasa, kuma mutanen wata unguwa suka zo har shago suna tambayarta yadda ake yi. Ta faɗa musu dokoki ukun, ta ci gaba da ɗinki. Kafinta ya zo wata rana da jakarsa, ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ya cire ƙofar ya fere ta ya mayar. Na ce, "Shekara shida." Ya ce, "Katakon ne ɗanye, Inna." Na aika wa matarsa turmin atamfa, ban ce na mene ne ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Damina ta zo, ruwan farko ya shigo mana kamar yadda ya saba. Muka ɗaga keke ni da ita muka ɗora kan bulo huɗu. Ta zauna tana takawa, zani a naɗe, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashin kujera. Na koma ɗaki na danna. Na ce, "Layin sama ce, tsohuwar gidan tela. Ruwa ya shigo mana har idon sawu. Kwalbatin layin ƙasa na ji an ce yana aiki, madalla. Na baɗi namu ne, kansila ya rubuta." Ban ambaci mutum ba, ko da yake ina da abin faɗa a kan mutum uku.

Daga shago na ji muryata ta fito daga wayarta. Keke ya tsaya har na gama, sannan ya ci gaba.